Yadda ake canza top gasket da sil-sil a tsohuwar Peugeot 504

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da Fijo 504 ya san ranar. Kana tsakiyar hanya, allurar zafi ta haye sama, ka gangara gefe ka ɗaga bonet, lagireto yana huci kamar tukunyar ɗanwake. Ka jira ta huce, ka ɗura ruwa, ka ci gaba da tafiya. Bayan kwana biyu ka zaro sandar duba baƙin mai ka ga ta koma kalar shayi mai madara. To, top gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone.

Na zaɓi 504 ne don ita ce tsohuwar motar da muka fi sani. A Faransa aka fito da ita a 1968, kamfanin haɗa Fijo na Najeriya kuma, wato PAN, da ya fara aiki a Kakuri ta Kaduna a 1975 ya yi ta haɗa ta har cikin shekarun 2000, shi ya sa har yanzu wagon da a-kori-kura ba su ƙare a tashoshinmu da kasuwannin ƙauye ba. Injinta na fetur, ko mai 1796cc ko mai 1971cc, yana da sauƙin hali: bulok, wato gangar jikin inji, na ƙarfe, top silinda, wato kansa, na alminiyom, fistin huɗu, kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, a cikin bulok. Amma yana da tarko guda ɗaya da ya kayar da makanikai da yawa, zan zo kansa. Mafi yawan abin da zan faɗa ya shafi kowace tsohuwar mota.

Tabbatar da ciwon kafin ka kwance komai

Ba kowane zafin inji ba ne gasket. Da safe, inji a sanyaye, buɗe murfin lagireto, ka cika ruwa, ka tayar da mota. In ka ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa, ko ruwan ya yi tsalle da ka taka totur, to iskar silinda ce ke kutsawa cikin ruwa. Dubi salansa: farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa ko bayan inji ya ɗumama alama ce. Kwance fulogi huɗun ka jera su. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa sun yi baƙi, ruwa ne ke shiga silindarsa. In kana da gejin kwamfireshan, silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna gasket ya tsage a tsakaninsu.

Sai tambayar da aka fi tsallakewa: me ya ƙona shi? Gasket ba ya ƙonewa haka siddan. Ko lagireto ya toshe da tsatsa, ko fambel ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta kamawa, ko wani tiyo yana ɗiga. In ka sa sabon gasket ka bar wannan, an gudu ba a tsira ba, wata guda ka dawo gareji.

Sayayya da kayan aiki

In ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka tafi da lambar injinka, in da hali ma da tsohon gasket ɗin a hannu. Gasket ɗin inji 1.8 da na 2.0 ba ɗaya ba ne, faɗin silindarsu ya bambanta. Sayi cikakken saiti na sama, wanda ya haɗa da top gasket, na murfin bawul, na manifol, na famfon ruwa da ƙananan robobin bawul. Ka ɗaga top gasket ɗin ka duba zoben ƙarfen da ya kewaye kowace silinda. Ya zama a naɗe sumul, ba lanƙwasa, ba wurin da ya ɗago. Wanda aka naɗe shi ko aka jingina kaya a kansa a shago har ya karye, bar musu abinsu. Araha ba ta ado a nan, domin kuɗin gasket ba komai ba ne a kan wahalar sake kwance inji.

Cikin kayan aiki akwai guda uku da ba a yin wannan aiki sai da su: tok renci, wato sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, fila geji, siraran ƙarafan nan masu lamba, da miƙaƙƙen ƙarfe na gwada shafewar fuska. In babu, ara. Na san akwai masu cewa hannunsu ya san ɗauri. Hannun da ya ɗaure noti na farko da ƙarfe tara na safe ba shi ne ke ɗaure na goma ba bayan ya gaji. Ka tanadi sabon baƙin mai da filta, tsummoki masu tsabta, fetur ko kananzir na wanki, da kwali guda.

Kwancewa

Inji ya kwana ya huce sarai. Alminiyom mai zafi in aka sassauta masa noti yana iya murɗewa nan take. Cire kan batir, na negatif. Zubar da ruwan lagireto, sannan ka nemi notin zubar da ruwa a jikin bulok ka buɗe shi ma, in ba haka ba ruwan da ya saura zai malala cikin silinda da ka ɗaga top. Cire gidan iyakilina, wato matatar iska, wayoyin totur da cok, tiyon mai, tiyoyin ruwa, wayar gejin zafi, fambel, ka raba salansa da manifol. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka zare kowace waya. Ƙwaƙwalwa tana yaudara bayan kwana uku. Wayoyin fulogi ka sa musu lamba. A 504 famfon ruwa a jikin top silinda yake, don haka tare za su fito.

Buɗe murfin bawul. Notocin top guda goma ne, kuma su ne ke riƙe da rokar bawul, wato ƙarafan da ke danna bawul su buɗe. Kada ka kwance ɗaya gaba ɗaya ka koma na biyu. Fara daga na gefe-gefe kana shigowa tsakiya, kwata-kwatan juyi, zagaye biyu ko uku, har duk su saki tare. Ɗauke roka. Sandunan da ke tura bawul guda takwas ne. Murza kowace kaɗan kafin ka zaro ta don kada ta taho da tafet, ɗan ƙarfen da take zaune a cikinsa a ƙasa. Huda kwalin nan huda takwas, ka rubuta "gaba" a gefe ɗaya, ka soke su a jere yadda suke. Kowace ta saba da gurbinta, can za ta koma.

Abin daɗi a wannan inji, tunda kamshaf na cikin bulok, cire top ba ya taɓa tayimin, wato daidaiton lokacin buɗewar bawul. Wanda ke aiki a kan motar da kamshaf ɗinta ke sama, shi dole ya daidaita makin tayimin ya sa alama kafin ya cire bel ko sarƙa.

Tarkon silib

Ga inda na ce za mu zo. Silindar 504 ba a jikin bulok aka huda ta ba. Bututu ne na ƙarfe, silib, da ake zurawa cikin bulok, ruwa na kewaye shi kai tsaye, a gindinsa akwai siririn gasket da ke hana ruwan gangarawa cikin baƙin mai. Babu abin da ke danne silib ɗin sai top silinda. Ka ɗaga top, ya zama ba shi da mai riƙo.

Saboda haka ba a fizgo top ɗin sama. Tsohon gasket ya manne sama da ƙasa, in ka ɗaga kai tsaye zai iya tahowa da silib. Ana girgiza shi ne ta gefe, a ɗan bubbuga da guduma ta roba ko guntun katako har ya saki, sannan mutum biyu su ɗauke. Kada ka cusa sukudireba tsakanin top da bulok kana ɓamɓara. Duk tabon da ka yi wa alminiyom nan ruwa zai bi.

Da top ya sauka, kafin ka sha ruwa ma, danne silib ɗin. Manyan wasa masu faɗi, wato faifan ƙarfen nan da ake sawa ƙarƙashin noti, da guntayen bututu, da notocin top ɗin kansu sun isa: ka ɗora wasa ta hau bakin silib biyu maƙwabta, ka zura noti ta cikin bututun ka ɗaure kaɗan. Kuma kada kowa ya juya inji. Ina yaron gareji na koyi wannan. Maigidana ya tafi sallar la'asar ya bar ni da kankare bulok, ni kuma na ga fistin biyu suna ƙasa, na ce bari in ɗago su in goge kansu. Na sa sifana a fulli na juya. Silib na uku ya biyo fistin ya ɗago kamar faɗin farce. Na mayar da shi da tafin hannu na yi shiru. Da ya dawo ya tsaya ya ƙura wa bulok ido, ya ga tsatsar da ta tsage a gindin.

"Kai, wa ya juya injin nan?"

"Oga, kaɗan ne fa."

"Kaɗan? To je ka kawo jak. Yau sai mun sauke sam, kaskon man nan na ƙasa."

Aikin yini ɗaya ya koma na kwana uku, domin in silib ya motsa, ƙasa da tsatsa sun shiga ƙarƙashinsa, dole a zaro fistin a sake gasket ɗin gindi. In aka rufe a haka, ruwa zai ci gaba da sauka cikin mai, a yi ta zargin sabon top gasket da bai ci ba bai sha ba.

Silib ɗin kuma an yi shi ne ya ɗan ɗara fuskar bulok da abin da bai wuce kaurin takarda ba, don ya ciji gasket. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfenka a kan kowanne ka zura fila geji ta gefe. In wani ya nutse ya yi daidai da bulok ko ƙasa da shi, babu gasket ɗin da zai riƙe wurin sai an gyara zamansa.

Wanki da awo

Nan rabin aikin yake, nan kuma aka fi yin ha'inci. Toshe silinda da ramukan mai da tsumma. Kankare ragowar tsohon gasket daga bulok har ƙarfe ya fito, ba ɗigon baƙi ko ɗaya. A kan top na alminiyom yi amfani da makankarin roba ko na katako mai kaifi, hannu a kwance. Samfefa mai kaushi da buroshin waya na injin girandin suna cin alminiyom su bar kwari da ido ba ya gani. In farcenka ya maƙale a wani wuri, ba a gama ba.

Ramukan notoci goma da ke cikin bulok, leƙa su ɗaya-ɗaya. Ruwa da mai sukan taru a ciki. In ka ɗaure noti a kan ruwa, ruwa ba ya matsuwa: tok renci zai yi ƙara alhali noti bai danne komai ba, wani lokaci ma bulok ya tsage. Tsotse su da sirinji ko ka hura iska, ka bi da tsumma a kan waya. Wanke zaren notocin, ka gwada kowanne da hannu. Ya kamata ya shige har ƙasa ba gardama. Wanda ya yi siriri a tsakiya ko tsatsa ta ci zarensa, canza shi.

Yanzu kifa top ɗin. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsawonsa, sannan a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan a faɗinsa, kana gwada zura fila geji a ƙarƙashi. In 0.05 na milimita ya ƙi shiga ko'ina, alhamdu lillahi. In 0.10 yana wucewa, musamman tsakanin silinda ta biyu da ta uku, sai wurin masu injin fesin, wato masu shafe fuskar top. Ka roƙe su su ɗebe kaɗan iya abin da zai shafe. Top ɗin da aka sha yi wa fesin kwamfireshansa na hawa, mota ta riƙa ƙwanƙwasa. Duba kuma bakin ramukan ruwa. Motar da ta shekara ashirin tana shan ruwan rijiya zalla, za ka tarar alminiyom ya zaizaye kamar gara ta ci. In zaizayar ta kusa kai zoben silinda, sai an cike da walda kafin fesin. Tsaga tsakanin kujerun bawul ma a neme ta da kyau, a ba masu gwajin matsin ruwa in ana shakka.

Tunda top yana ƙasa, canza robobin bawul. Su ne ke sa tsohuwar mota tusar shuɗin hayaƙi da safe. Ka jera bawul a kwali kamar yadda ka yi wa sanduna.

Ɗora gasket da ɗauri

Goge fuskokin biyu da fetur, su bushe. Cire abin da ka danne silib da shi, a hankali. Gwada gasket a kan bulok ka tabbata kowane ramin ruwa da na mai ya hau ɗan'uwansa. Nemi rubutun da ke nuna sama: wasu an rubuta TOP, na Faransa kuwa DESSUS. In ka kifa shi, wani ramin zai toshe.

A bushe ake sa shi. Ba gam, ba giris, ba fenti. Na san wannan magana ba ta yi wa wasu daɗi, domin a garejinmu an ɗauki gam kamar yaji, komai sai an barbaɗa. Top gasket an yi shi ne ya cije tsakanin ƙarfe biyu masu tsabta. Gam yana sa shi santsi, zafi ya ƙone gam ɗin, ya bar hanya. Wanda ya shafa gam don ya rufe top mai lanƙwasa, gyaran gangar Auzinawa ya yi.

Don kada gasket ya goce, sami tsofaffin notoci biyu ka yanke kawunansu ka ɗaura a kusurwa biyu su zama jagora. Ku sauke top a kansu a miƙe, sau ɗaya, ba ja ba turawa. Mayar da sanduna kowace a gurbinta, ka ji ta zauna cikin tafet. Sassauta sukurorin saitin bawul kafin ka ɗora roka, don kada wani bawul ya tokare yayin ɗauri. Shafa ɗan baƙin mai a zaren noti da ƙarƙashin kansa, ɗan kaɗan, ba tsomawa ba. Cire jagororin ka sa na gaske.

Ɗauri kishiyar kwancewa ne: daga tsakiya ake farawa ana zagayawa waje kamar naɗin gammo, don gasket ya baje ba tare da ya tattare ba. Kuma hawa-hawa ake yi, ba a kai noti ƙarshensa a tashi ɗaya. Adadin ƙarfin ya danganta da shekarar injin da irin silib ɗinsa. Wasu da tok renci kaɗai ake gamawa, wasu sai an ƙara juyi na kusurwa bayan an kai wani adadi. Ɗauko lambar daga littafin injinka ko takardar da ke cikin kwalin gasket, ka rubuta ta da alli a jikin bonet inda za ka gani. Ja renci a hankali, ba fizga, ka tsaya da zarar ya yi ƙara.

Saitin bawul da inji a sanyaye: 0.10 na milimita ga na shigar mai, 0.25 ga na fitar hayaƙi. Hanya mai sauƙi: juya inji har bawul ɗin hayaƙi na silinda 1 ya buɗe sosai, ka saita na mai na 3 da na hayaƙi na 4. Na hayaƙi na 3 ya buɗe, saita na mai na 4 da na hayaƙi na 2. Na 4 ya buɗe, na mai na 2 da na hayaƙi na 1. Na 2 ya buɗe, na mai na 1 da na hayaƙi na 3. Fila geji ya wuce da ɗan ja, kamar wuƙa a cikin sabulu.

Ƙananan gasket da oyil sil

Murfin bawul da sam, wato kaskon mai na ƙasa, gwangwani ne, kuma cutarsu ɗaya: yawan ɗauri. Mai ya ɗiga, a ƙara ɗaure noti, bakin ramin ya lotsa, gasket ya tsage, ɗigar ta ƙaru. Kifa murfin a kan katako ka daddale bakin kowane rami da ƙaramar guduma har ya koma daidai. Sa sabon gasket, ɗaure a gicciye da hannu ɗaya a kusa da kan sifana, ka tsaya da ka ga gasket ya fara kumburowa. A 504 kada ka manta robobin bututun fulogi. In sun bushe, mai ke cika ramin fulogi mota ta riƙa mis.

Gam yana da wurinsa, amma ɗigo ne kamar ƙwayar wake a kusurwar da ƙarfe biyu suka haɗu, misali inda murfin tayimin ya sadu da bulok da sam. Abin da ya fi haka matsewa yake ya faɗa ciki, ya zama zare-zare, ya je ya toshe rariyar famfon mai. Na taɓa sauke sam na tarar da rariyar ta yi gemu ja da silikon, metal kuwa, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, sun riga sun lalace.

Oyil sil na bayan fulli, wato zoben robar da ke hana mai fita, a injin da ke da shi, ka lura da zurfin da tsohon ya zauna kafin ka ɓamɓaro shi, kuma kada ka karce gurbin. Shafa yatsa a wuyan fullin inda leɓen sil ke gogawa. In ya yi kwari, sabon sil ma zai zubar. Ko a canza fulli, ko a zaunar da sil ɗin gaba ko baya kaɗan don ya hau lafiyayyen wuri. Gefen da ke da ɗan sifirin shi ke kallon cikin inji. Shafa wa leɓen baƙin mai, domin in ya tashi a bushe minti ɗaya ya isa ya ƙone shi. Ɗora soket mai faɗinsa ko tsohon sil a kai, ka bubbuga a zagaye har ya shige daidai ba karkata. Sannan ka wanke tiyon numfashin inji. In ya toshe, iska ke taruwa a ciki ta turo mai ta kowane sil, sabo ko tsoho.

Tayarwa

Zubar da tsohon mai ko da ya yi kama da mai kyau, ka sa sabo da sabuwar filta. Wanke lagireto har ruwa ya fito fari. In an cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, kamar yadda aka saba yi wa motocinmu da sunan ƙasarmu da zafi, mayar da sabo. Cire shi ba ya maganin toshewar lagireto, sai dai ya ɓoye ta. Zuba ruwa mai tsabta haɗe da kulant don ya hana tsatsa cin alminiyom, a hankali, kana matsa tiyon sama iska ta fita.

Kafin ka mayar da fulogi, juya inji da hannu zagaye biyu ka ji ba inda ya tokare. Cire wayar kwayil ka yi sitata har fitilar mai ta mutu, sannan ka haɗa komai ka tayar. Bar ta a silo, murfin lagireto a buɗe, kana ƙara ruwa in ya sauka, kana leƙa ƙarƙashi. Ɗan hayaƙi daga manifol na mintocin farko man hannunka ne ke ƙonewa. Ta ɗumama, ka rufe murfin, ka zaga unguwa ba lodi ba gudu, ka dawo ka kashe.

Washegari da safe duba ruwa da sandar mai. In gasket ɗinka irin wanda ake sake ɗaurewa ne, kamar yawancin na tsofaffin injuna, to bayan kamar kilomita 1,000 ka bar inji ya kwana, ka bi notocin a jerin da ka ɗaure su, kana sassauta ɗaya ka mayar da shi ƙarfinsa kafin ka taɓa na gaba. Ɗaurin zai motsa roka, don haka sai ka sake saitin bawul. In man farko ya nuna ko alamar fari, ragowar ruwan da ya maƙale a lungunan inji ne, ka zubar da shi a wannan zaman ka sa wani.